Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Mai Karatun Tattalin Arziki

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta ba ni labarin abin da ya faru tsakaninka da malamin da ke duba kundinka: wai ka kai masa batun yadda ɗan talaka ke gadon talauci, shi kuma ya ce wannan surutun 'yan siyasa ne, ka je ka nemo wani. Ta ce ranka ya ɓaci har kana cewa darussan lissafi da ƙididdiga ɓata lokaci ne, kayan aikin 'yan jari-hujja ne. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta hana ni barci, shi ya sa na ɗauki biro.

Akwai wani Ba'amurke masanin tattalin arziki, Samuel Bowles, da nake so ka san tarihinsa. An haife shi a 1939. Ubansa, Chester Bowles, ya yi gwamnan jihar Connecticut, ya kuma yi jakadan Amurka a Indiya har sau biyu. A can Delhi aka sa yaron makaranta tare da 'ya'yan Indiyawa, sai ya lura bai fi su ƙwaƙwalwa ba ko kaɗan, alhali ƙasarsu na fama da talauci, tasa na cikin daula. Tambayar da ta bi shi har tsufa ke nan. Da ya gama Jami'ar Yale a 1960, nan Arewacin Najeriya ya zo ya yi koyarwa, kuma kundin digirinsa na uku a Harvard, a 1965, kan tsara kuɗin ilimi ne a Arewa, cike da lissafi irin wanda kake gudu.

A 1968 aka nemi shi da abokinsa Herbert Gintis su rubuta bayanai don gangamin talakawa da Martin Luther King yake shiryawa. Nan ya gane duk karatun da ya sha bai tanadar masa amsar dalilin da ya sa wasu ke sama wasu ke ƙasa ba. Daga nan ya juya. Ya shiga sahun matasan malamai masu ra'ayin sauyi, suna koyar da abin da manyan sashen tattalin arziki na Harvard ba sa son ji. Harvard ta ƙi tabbatar da shi a kujerar dindindin, duk da cewa manyan masana tattalin arziki irin su Galbraith da Leontief da Arrow suna bayansa. A 1974 ya koma Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, inda shi da Gintis da Richard Wolff da Stephen Resnick suka mayar da sashen matattarar masu irin ra'ayinsu.

Littafin da ya fito da sunansu shi da Gintis ya fito a 1976, kan makaranta a ƙarƙashin jari-hujjar Amurka. Abin da suka ce shi ne makaranta tana kwaikwayon wurin aiki: ɗan lebura ana horar da shi ya zo kan lokaci, ya yi shiru, ya bi umarni, ɗan mai hali kuwa ana koya masa ya yi tambaya, ya yanke shawara. Ni da na shekara talatin da alli a hannu, da na karanta wannan sai da na ajiye littafin. Na tuna kaina tsaye a bakin ƙofa da tsumagiya ina jiran masu makara, cikinsu har da wani yaro da sai ya kai wa uwarsa tallan koko tasha kafin ya zo. Ya fi kowa iya lissafi a ajin. Ban taɓa tambayarsa me ya sa a gabansa ba, dukansa kawai nake yi. Allah ya yafe mana.

To ka lura, ba da ihu suka kafa hujjar nan ba. Alƙaluma suka tara, suka nuna cewa ko yara biyu sun yi daidai a gwajin basira, matsayin iyayensu na da babban tasiri kan inda za su ƙare. Abokan hamayya sun yi ta sukar littafin, wasu sukan ma da gaskiyarsu, don ya ɗan mayar da ɗalibi kamar ƙullun da ake zubawa a tanda. Amma ba wanda ya isa ya ce ba su iya aikin ba. Shi kansa Bowles bai daskare wuri ɗaya ba. Daga baya ya koma Cibiyar Santa Fe, wata cibiyar nazari a Amurka, yana binciken abin da ke sa mutane haɗa kai da taimakon juna.

Sai abu na biyu, kuma kada ka ji haushina. Da Harvard ta rufe masa ƙofa, ɗan gwamna ne mai digirin Harvard a aljihu, wata ƙofar na jiransa. Kai ɗan malamin firamare ne mai jiran fansho, ƙannenka uku na kallonka. Abin da littafin nasa ke faɗa ke nan, ai. Ban ce ka bar batunka ba, wallahi da ka bari da na ji kunya. Cewa na yi ka rage masa faɗi yadda zai shiga ƙofa. Ɗauki makarantu biyu a unguwa ɗaya, ta gwamnati da ta kuɗi, ka bi yara ɗari ko ɗari biyu: sana'ar uba, karatun uwa, wa ya kai sakandare, wa ya tsaya. Ka koma wurin malamin da takardar tambayoyinka a hannu, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka roƙe shi ya gyara maka ita. Da wuya malami ya kori ɗalibin da ya zo neman gyara.

Idan ka zo hutu zan haɗa ka da tsofaffin abokan aikina, akwai masu ajiye da rajistar ɗalibai ta shekaru da yawa. Na tura maka ɗan abin da ya samu, ka sayi littafin ƙididdigar nan da ka ce ya yi tsada. Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce yajin da ta aiko kada ka rabar da shi duka.

Naka,
Baba