Zuwa ga abokan cinikinmu, kan ɗaukewar intanet da tsakar rana

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu.

Mun ji ƙorafinku, kuma kuna da gaskiya. Sati uku ke nan, da zarar rana ta take sai intanet ta kama jan ƙafa, wani lokacin ta ɗauke ɗif, sai bayan la'asar ta dawo kamar ba ita ba. Ya zo kunnenmu har ana cewa rage muku data muke yi da gangan. Wannan maganar ta yi mana ciwo, shi ya sa muka ga gara mu yi bayani ko da zai yi tsawo.

Tsakanin hasumiyarmu da rufin shagonku babu waya, rediyo biyu ne ke magana da juna a kan zangon gigahaz 5, wato mitar da ke bugu sau biliyan 5 a kowace daƙiƙa. Kafin saƙo ya wuce, dole mai karɓa ya kama mitar mai aikawa daidai, ya kuma bi takunta sau da ƙafa. Kamar lugude ne: mata biyu a turmi ɗaya, in ɗaya ta saɓa bugu sai taɓarya ta haɗu da taɓarya. Abin da ke riƙe wa kowace rediyo bugunta wani ɗan ƙanƙanin dutse ne a cikinta da ake kira kiristal, kuma zafi yana sa shi zamewa. A wannan zangon, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan kaɗai ya kai haz 5,000, wato saɓanin bugu 5,000 a kowace daƙiƙa. Akwai da'irar lantarki a cikin rediyon da ke bin mitar tana gyara saɓanin, amma ita ma tana da iyaka. In zamewar ta yi yawa, rediyon kan sauka zuwa salon aikawa mai jinkiri don kada ya rasa abokinsa, shi ne jan ƙafar da kuke gani. In abin ya fi ƙarfinsa sai ya saki ya sake lalube daga farko. Duk wanda ya taɓa riƙe akwatin gajeren zango yana murzawa don tasha ta zame masa, ya san abin.

Mu kayan da ke jure zafi muka biya wa kuɗi, da tsadar dala da komai. Dilan da muka shekara biyar muna hulɗa da shi ya kawo mana wasu, kwali iri ɗaya, ciki daban. Lokacin sanyin hunturu aka ɗaura su, sun yi lafiya lau, sai da zafin Afrilun Kano ya haura digiri 40 asirinsu ya tonu. Yaronmu da ya hau hasumiya ranar Talata sai da ya naɗe hannu da tsumma kafin ya iya taɓa akwatin. Dilan kuwa yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi.

Ba zaune muke ba. Muna kan magana da wasu diloli, kuma akwai matakan da muke ɗauka, in Allah ya yarda za ku ga canji.

Alhazanmu na Kantin Kwari da suka karɓe mu tun muna da eriya ɗaya a kan bene, da masu shagunan buga takardu da ke yi wa ɗalibai rajistar JAMB da layinmu shekara da shekaru, Allah ya saka da alheri. Mun san masu kwanon tauraron ɗan'adam suna ta zagayawa wajenku. Ba mu hana kowa ba, amma ku tuna wa ke hawa rufinku ran da iska ta karkatar da eriya.

Don Allah duk sanda ta ɗauke, a rubuta lokacin a turo mana ta lambar da kuka saba kira.

Naku,
Shugaban kamfani da ma'aikata