Zuwa ga Malamin da ya tambaye ni nawa aka biya ni

Malam, salamu alaikum.

A bainar jama'a ka yi tambayarka, a nan kuma zan ba ka amsa. Ka ce nawa Turawa suka biya ni har na karanta wa ɗalibai waƙoƙin Jericho Brown, baƙar fatar Amurka da bai taɓa ɓoye cewa maza yake nema ba. Kalmar nan ta biya ta yi mini ciwo. Shekara 22 ina riƙe da alli, ƙannenka biyu ta hannuna suka wuce. Ka tambaye su ko sun taɓa jin na karɓi sisin kwabon wani.

Aikin waƙarsa ne ya kai shi ajina. A littafinsa The Tradition na 2019, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 2020, ya fito da wani tsari nasa mai suna duplex: baiti 7 'yan ƙwar biyu, kowane baiti ya ɗauko layin da ya rufe na gabansa ya sauya masa kama, layin ƙarshe kuma ya komo kan na farko. Ya haɗo shi ne daga sonet, waƙar Turawa mai layi 14, da waƙar blues ta baƙaƙen Amurka, da gazal, wadda tushenta waƙar Larabawa ce. Yaran da suka tashi da ƙasidu a kunne nan take suka gane inda aka dosa. Akwai waƙar da ya soma da jera sunayen furanni, ya rufe ta da John Crawford, Eric Garner da Mike Brown, baƙaƙe uku da 'yan sanda suka kashe a 2014. Da na kai nan, ajin tsit ya yi. Shi Brown haihuwar garin Shreveport ne a 1976, ya rubuta dukan da ya sha a hannun mahaifinsa, yanzu yana koyarwa a Jami'ar Emory.

Batun cewa kyaututtukan nan duk siyasa ne, a tafka muhawara a kai, ban hana ba. Addinina kuwa ba a hannunka zan karɓi shaidarsa ba.

Na lura sai da zaɓen ƙungiyarmu ya matso ka tuna da darasin da na yi tun bara. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka koma yanke wa littafi hukunci ba mu buɗe shi ba, har malamai. Layi nawa ka karanta, Malam? Littafin yana kan teburina, ka aiko a karɓa maka.

Wassalam.