Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke shigo da ƙananan injinan wankin mota Kaduna

Ranka ya daɗe Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu gyara ne a Panteka, kuma injinanku masu wat 1,400 sun fara taruwa a shagunanmu tun kwalayensu ba su tsufa ba.

Mu fara da kwalin. Kun rubuta matsin ruwa 150 a ma'aunin "bar" da lita 8 a minti, kamar tare injin ke ba da su. A ninka 150 da 8 a raba da 600, za a samu ƙarfin da hakan ke buƙata, kilowat 2, wato wat 2,000. Daga ina injin wat 1,400 zai samo wannan ƙarfin? Wancan 150 iyakar abin da famfon ke jurewa ne na ɗan lokaci, matsin da ake aiki da shi bai kai nan ba. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar kare masu saye ta tarayya (FCCPC) ke aiki da ita, ta hana rubutun da zai yaudari mai saye.

Babban kukanmu kayan gyara ne. Abin da ke kwantar da injin nan bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba: zoben roba na bakin tiyo, robobin fistin guda uku, ƙananan bawul, da kabon ɗin motar lantarkin da ke cikin injin. Zoben roba ya tsage, matsi ya riƙa zurarewa, sai makunnin da ke tsayar da injin in an saki bindigar feshin ruwa ya dinga kunnawa yana kashewa shi kaɗai har ya ƙone. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba kwa sayarwa. Bakin tiyon naku ma samfurin da ake kira M22 ne mai milimita 15, in aka ɗaura masa bindiga mai 14 ba ta zama, ko ta yi yoyo. Yaya za a jefar da inji sukutum saboda roba ɗaya?

In mai kaya ya dawo da garanti, sai a ce shi ya lalata. Da me zai sani? Takardar da ke cikin kwalin ba ta san ruwan Kaduna ba. A Rigasa ko Tudun Wada ruwan rijiya da na burtsatse ake ja, da yashi a ciki, ga ragar matatarku mai faɗin ido, yashin na wucewa ya ci bawul. Baƙin tanki da ya wuni a ranar Afrilu ruwansa kan yi zafin da robobin ba sa so, tunda irin wannan famfo digiri 40 ne iyakarsa. Ba ku ce a buɗe ruwa a danne bindiga iska ta fita kafin a kunna ba, alhali gudu babu ruwa na cinye robobin nan da nan. Ba ku ce ƙaramin janareta mai wat 950 ba zai tada shi ba, ko siririyar waya mai tsawo na rage wuta ta gasa motar injin. Mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ake buƙata.

Saboda haka ku rubuta matsin aiki na gaskiya a kwali, ku saka matatar ruwa ta waje mai wankuwa, ku fitar da takarda da Hausa. Sannan ku ajiye jakar robobi, bawul da kabon a wurin dillalanku na titin Ahmadu Bello, da farashi a rubuce. Waɗanda aka hana wa garanti kuma a sake duba injinansu a gaban mai gyara.

Wassalam,
Wasu masu gyaran famfo, Panteka, Kaduna