Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Ɗaliban Sashen Wasan Kwaikwayo

Shugaban sashe, malamanmu masu ba ƙungiya shawara, tsofaffin ɗalibai da ba su yanke zumunci da mu ba, da sauran 'yan ƙungiya baki ɗaya, kwamitin zartarwa yana gabatar muku da bayanin yadda ya riƙe amanar da kuka ɗora masa a shekarar karatun da ta ƙare, kamar yadda tsarin mulkin ƙungiya ya tanada. Kusan dukkan ƙarfinmu na bana ya tafi ne a kan aiki guda, wato daren zaɓaɓɓun waƙoƙin dandamali da sashe ya shirya tare da mu a zango na biyu, saboda haka shi ne zai cinye mafi yawan wannan rahoto.

Za ku tuna cewa a babban taron farkon shekara an kai ruwa rana kafin a amince da wannan shiri a maimakon cikakken wasan kwaikwayo mai waƙa. Hujjoji biyu ne suka rinjayi masu kaɗa ƙuri'a. Ta farko ita ce, a cikakken wasa jarumai biyu ko uku ne ke kwashe manyan waƙoƙi, sauran kuwa su ƙare a amshi, alhali idan aka tsinto waƙoƙi daga wasanni daban-daban kowa zai sami rabonsa. Ta biyu ita ce zaton cewa aikin zai fi sauƙi, tun da babu dogon labari da za a haddace, babu kuma gine-ginen dandamali masu cin kuɗi. Hujjar farko ta tabbata. Ta biyu kuwa ta ba mu kunya, kuma kwamiti yana ganin dole ne a faɗa wa waɗanda za su gaje mu dalilin haka dalla-dalla.

Mun buɗe shiri da jerin laccoci a zango na farko, inda malamin tarihin dandamali ya nuna mana asalin abin da muke shirin yi. Faransawa ne suka raɗa wa irin wannan wasa suna "revue", kuma a Paris ya bunƙasa cikin ƙarni na 19, wasa ne na waƙa da rawa da gajerun barkwanci a jere ba tare da labari guda ya ɗaure su ba. Daga can ya ƙetara zuwa New York, inda Florenz Ziegfeld ya mai da shi babban biki da wasanninsa na Follies da ya fara a 1907. A wancan zamani ana rubuta waƙa ne don ta tsaya da ƙafarta, ta yadda za a iya ciro ta daga wannan wasa a jefa a wancan ba tare da kowa ya lura ba. Al'amarin ya fara sauyawa da Show Boat na Jerome Kern da Oscar Hammerstein a 1927, sannan ya kankama da Oklahoma! na Richard Rodgers da Hammerstein, wanda aka buɗe a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York, ranar 31 ga Maris 1943 aka kuma nuna shi sau 2,212 kafin a rufe. Daga nan waƙa ta zama wani ɓangare na labari: jarumi yakan shiga waƙa da wata matsala a ransa, ya fito da shawarar da ya yanke.

Mun saurari wannan bayani a matsayin tarihi, ba mu gane gargaɗi ne ba sai da kwamitin zaɓen waƙoƙi ya zauna. Yawancin waƙoƙin da 'yan ƙungiya suka ba da sunayensu na bayan 1943 ne, domin su ne suka fi taɓa zuciya, amma abin da ya sa suke taɓa zuciya shi ne labarin da ke kewaye da su, wanda mu kuma muka yi niyyar yanke shi mu yar. Waƙar da mace ke yi bayan 'yan kallo sun shafe sa'a biyu suna ganin irin wahalar da ta sha, idan aka ɗauko ta aka ajiye a tsakiyar dandamali babu gabatarwa, sai ta zama kuka marar dalili. A bitarmu ta farko mun ga haka da idonmu, muryoyi masu daɗi, kiɗa daidai, amma waɗanda aka gayyato su duba mana suna zaune shiru, ba su san wa ke magana ba, ba su kuma san wa ake yi wa ba.

Daraktar shirin ta warware wannan ne ta hanyar da ta ƙara wa kowa aiki. Ta wajabta wa kowane mawaƙi ya karanta wasan da waƙarsa ta fito daga ciki tun daga farko har ƙarshe, ya rubuta a shafi guda ko shi wane ne, da wa yake magana, me yake nema daga gare shi, kuma me ya faru daf da buɗe bakinsa. Bayan haka sai ya faɗi baitocin da baki kamar zance na yau da kullum, babu kiɗa, a gaban abokin wasa, kuma ba a barinsa ya koma wa fiyano sai an gamsu cewa maganar ta kai inda aka aike ta. An yi gunaguni ƙwarai a makonnin farko, musamman daga waɗanda suka zo da tabbacin cewa murya kaɗai ta ishe su, kuma wasu kaɗan sun janye. A ra'ayin kwamiti, wannan horo shi ne mafi amfanin abin da 'yan ƙungiya suka samu a bana, ya ma fi dararen wasan kansu.

Batu na biyu da ya sha mana lokaci shi ne haƙƙin mallaka, kuma a nan kwamiti yana amsa laifin jinkiri. Mun ɗauka lasisin da jami'a ke biya don kunna waƙoƙi da rera su a harabarta ya wadatar. Jami'in shari'a na jami'a ne ya fahimtar da mu cewa haƙƙin iri biyu ne. Akwai na rera waƙa tsurarta, wanda ƙungiyoyin tattara haƙƙi ke bayarwa a dunƙule, irin su ASCAP da aka kafa a Amurka a 1914 da BMI da ta biyo baya a 1939. Akwai kuma na nuna waƙa a matsayin wasan kwaikwayo, da suturar jarumin da motsinsa da zancen da ke kewaye da ita a asalin wasan, wanda sai an nemi izininsa kai tsaye daga masu wasan ko kamfanin da ke wakiltarsu. Ma'ana dai, gwargwadon yadda muka matsa kusa da asalin labarin don 'yan kallo su fahimta, gwargwadon yadda muka shiga hurumin da lasisin jami'a bai kai ba.

Wasu sun ba da shawarar mu tsaya kan tsofaffin waƙoƙi da wa'adin haƙƙinsu ya ƙare, sai muka tarar nan ma akwai tarko. A Amurka ayyukan wancan zamani suna da kariyar shekara 95 daga shekarar wallafa su, shi ya sa na 1927 suka zama na kowa a farkon 2023. Ƙasashe da yawa kuwa suna ƙirga shekara 50 ko 70 ne daga rasuwar marubuci, kuma Hammerstein, marubucin baitocin Show Boat na 1927, bai rasu ba sai 1960, don haka baitin da ya kuɓuta a wata ƙasa yana iya kasancewa a ɗaure a wata. Ban da wannan, sabon tsarin kiɗa da wani ya yi wa tsohuwar waƙa yana da nasa haƙƙin daban. Mun aika wasiƙun neman izini a makare, wani kamfani ya amsa da wuri, wani kuma bai amsa ba sai ana saura kwanaki kaɗan a buɗe, lamarin da ya tilasta mana cire waƙoƙi biyu da aka riga aka ƙware a kansu. Muna ba waɗanda abin ya shafa haƙuri a gaban wannan taro, domin sun yi aiki tuƙuru kuma ba laifinsu ba ne. Sharuɗɗan izinin sun kuma hana ɗaukar bidiyo da yaɗa shi, wannan ne dalilin da ya sa aka roƙi 'yan kallo su mai da wayoyinsu aljihu, ba rowa ba ce kamar yadda aka yi ta raɗe-raɗi.

Saboda waɗannan sharuɗɗa ne 'yan wasa suka fito cikin sutura mai launi ɗaya maimakon kayan jaruman asali, aka kuma maye gurbin zancen asali da gajerun gabatarwa da ɗaliban ajin rubutu suka tsara da kansu, jimla biyu ko uku kafin waƙa. Abin da muka yi bisa tilas ya zama ado, domin idon mai kallo ya koma kan fuskar mawaƙi da hannayensa.

Ta fuskar kiɗa, an tantance mawaƙa aka raba su gida huɗu bisa kaurin murya da sirantarta, biyu na mata biyu na maza, sai aka ga muryoyin mata sun yi yawa, masu kaurin murya cikin maza kuwa sun yi ƙaranci, har sai da muka roƙi aron wasu daga ƙungiyar mawaƙan jami'a. An rubuta waƙoƙin nan ne don ƙwararru, saboda haka mai jagorantar kiɗa ya sauko da wasu ya kuma ɗaga wasu don su dace da maƙogwaron ɗalibai, aikin da ya jawo sake rubuta takardun makaɗa kaf. Tsofaffin waƙoƙin sun fi sauƙin koyo, domin yawancinsu suna bin tsari ɗaya na gaɓoɓin kiɗa 32 da aka kasa takwas-takwas, karin farko ya zo sau biyu, wani sabo ya ratsa, sannan na farkon ya dawo. Na baya-bayan nan ba su da wannan sassauci, kuma a kansu ne 'yan amshi suka fi shan wuya. Malamar murya ta kafa dokar ɗumama murya kafin kowace bita da hutun baki bayanta, kuma wanda duk ya raina dokar ya ji a jikinsa kafin mako na ƙarshe.

Jera waƙoƙin ma sai da aka sake shi sau da dama. An buɗe da waƙar da kowa ke ciki, an guji jera waƙoƙin baƙin ciki biyu a jere, an rufe kashin farko da mai ɗaga rai don mutane su dawo bayan hutun rabin lokaci, kuma an tabbatar duk wanda zai fito sau biyu ya sami sararin numfasawa a tsakani.

An nuna wasan darare uku a babban zauren sashe. Daren farko ya zo da tangarɗa: makirufo na jiki da muke da su ba su kai yawan mawaƙa ba, ana musayarsu a bayan labule cikin gaggawa, har aka kunna na wani yana tsaka da magana a bayan fage, ganguna kuma suka danne muryoyi a waƙar buɗewa. Tushen matsalar shi ne ba mu haɗa makaɗa da mawaƙa a zama ɗaya ba sai a makon ƙarshe, kuma bitar fitilu da sauti ta haɗe da bitar sutura a rana guda. Manajan dandamali da mataimakansa sun kwana suna sake tsara jadawalin musayar makirufo, aka kuma matsar da mai ganga baya aka kare shi da allo, dare na biyu da na uku suka tafi lafiya. Kwamiti yana jinjina wa ma'aikatan bayan fage musamman, domin tafin da aka yi bai isa inda suke ba.

Sauran ayyukan shekara ba su da yawa. An yi taron maraba da sababbin ɗalibai, an ci gaba da karatun wasanni na mako-mako har tsakiyar zango na biyu lokacin da bita ta haɗiye shi, an kuma gyara ma'ajiyar sutura tare da rubuta duk abin da ke cikinta. Gasar gajerun wasanni da muka yi alkawari ba ta yiwu ba, kuma 'yan ƙungiyar da sha'awarsu ba ta waƙa ba ce suna da gaskiya da suka ce an bar su a baya.

Cikakken lissafin kuɗi yana cikin takardar ma'aji da masu bincike suka sa wa hannu, wadda aka haɗa da wannan rahoto. A taƙaice, kuɗin izini da hayar kayan sauti ne suka fi cin kasafi, kuɗin tikiti da tallafin sashe da gudummawar tsofaffin ɗalibai suka rufe su, kuma ƙungiya ba ta bar bashi ba.

Kwamiti yana gabatar wa wannan taro shawarwari uku don a kaɗa musu ƙuri'a. Na farko, kada a sake kiran tantance mawaƙa sai izinin kowace waƙa ya iso a rubuce, kuma a naɗa mutum guda da zai riƙe wannan aiki tun makon farko na shekara. Na biyu, idan za a sake yin irin wannan dare, a duba yiwuwar ɗaukar wanda aka riga aka tsara aka kuma ba da lasisinsa a dunƙule, kamar Side by Side by Sondheim na 1976 ko Ain't Misbehavin' na 1978, ko da yake wannan zai rage mana 'yancin zaɓi da kuma yawan waɗanda za su sami waƙa, kuma kan 'yan kwamiti bai haɗu a kai ba. Na uku, a dawo da gasar gajerun wasanni a zango na farko, a ware mata kasonta tun kafin a taɓa kuɗin babban wasa. Littafin manajan dandamali, takardun kiɗa da aka sake rubutawa, da duk wasiƙun neman izini suna ofishin sakatare, za a miƙa su ga sabon kwamiti da zarar an kammala zaɓe.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa