A Bambance Zaɓe Da Cin Gasa A Bikin Cannes

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman ɗan fili in yi gyara kan wata magana da ta yaɗu tun watan Mayun 2025, wai fim ɗin Nijeriya ya "lashe" bikin finafinai na Cannes a Faransa. Har a wurin mai shayin unguwarmu sai da na ji wani yana rantsuwa a kai, kofi a hannu.

Abin da ya faru shi ne, an zaɓi fim ɗin darakta Akinola Davies Jr. cikin jerin finafinan bikin na hukuma, karo na farko ga Nijeriya. Amma a rukunin Un Certain Regard aka nuna shi, ba a babbar gasa ba. Alƙalan kyautar Caméra d'Or, wadda ake ba fim ɗin farko na darakta, suka yi masa yabo na musamman. Kyautar kanta wani ɗan Iraƙi, Hasan Hadi, ya ɗauka. Babbar kyautar Palme d'Or kuwa, alƙalai tara ƙarƙashin jarumar finafinan Faransa Juliette Binoche suka miƙa ta ga Jafar Panahi na Iran.

Ba raina nasarar nake ba, wallahi abin alfahari ce. Sai dai zuzutawa na sa mu manta cewa ko da yake Mohammed Lakhdar-Hamina na Aljeriya ya ci Palme d'Or a 1975, har zuwa 2025 darakta daga ƙasashenmu na Afirka ta Yamma bai taɓa ɗaga ta ba. Maƙwabcinmu Mahamat-Saleh Haroun na Chadi ya samu kyautar alƙalai a 2010.

Don Allah wakilanku su riƙa faɗin rukunin da fim ya shiga.

Naku,
Mai karatu daga Zariya