A samar wa manoman tafarnuwar Sakkwato iri mai tsafta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana kan tafarnuwa, wadda muke nomawa da rani a fadamun Wurno da Goronyo. Mai girki na nemanta, mai maganin gargajiya na nemanta don sanyi da tari, amma babu mai tambayar ina irinta yake fitowa.

Tafarnuwa ba ta yin ƙwayar iri kamar albasa. Dunƙulen bara ake ɓarewa, a dasa salarsa bana. To duk cutar da uwa take ɗauke da ita, da ita ɗiya za ta tashi. A fadamata nakan tsuguna in duba ganye: sai in ga zane-zanen rawaya sun bi tsawonsa, ya ɗan murɗe, tsiron ya tsumbure. Ranar cira kuwa dunƙulen bai cika tafin yaro ba. Da yawa cikinmu taki muke ƙarawa, alhali cutar bairos ce, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, kuma babu feshin da ke fitar da ita daga cikin sala.

Masana suna da hanya. A can ƙarshen tsiron da ke cikin sala akwai wani ɗan ƙoƙo da bai kai milimita 1 ba, wanda sau da yawa cutar ba ta riga ta isa gare shi ba. Da madubin ƙara girma ake yanko shi, a sa a kwalba mai tsafta a kan wani abinci mai kauri da aka haɗa da sukari da gishirin tsiro, irin haɗin da wasu masana tsirrai biyu, Murashige da Skoog, suka fitar a 1962. Nan zai yi toho, a rarraba shi ya zama da yawa, ya yi saiwa, sannan a saba masa da iska da rana a rumfar raga kafin ya ga fadama. Kada wani ya tsorata: ba a canza halittar tafarnuwar ba, tamu ce ta gado mai yaji, cutar kawai aka rabu da ita.

Mun ga abin da ya sami manoman citta a kudancin Kaduna a 2023, da annoba ta cinye gonaki, iri ya yi wuya. Ita ma citta da jikinta ake dasa ta.

Roƙona ga gwamnatin jiha shi ne ta haɗa hannu da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a kafa ɗakin wannan aiki, da wutar sola, domin kwalaben ba sa jure zafin Sakkwato in na'urar sanyi ta tsaya. A kuma zaɓi manoma a kowane yanki su riƙa ninka irin a cikin raga suna sayar mana, tunda bayan 'yan shekaru a fili cutar takan dawo, dole a sabunta. Ni dai a shirye nake in saya da kuɗina.

Naka,
Wani manomin tafarnuwa,
Wurno, Jihar Sakkwato.