A Bar Yara Su Motsa Jiki, A Jinkirta Taron Gasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wasannin makarantu, tunda ɗalibai sun koma aji bayan rufewar da aka yi tun watan Maris na 2020 saboda annobar korona.

Wasu shugabannin makarantu sun soke wasanni gaba ɗaya. Ban goyi bayan wannan ba. Yaron da ya shafe watanni a kulle a gida yana bukatar ya yi gudu, ya yi gumi. Kuma fili mai iska ya fi aminci a kan ajin da aka cusa yara, tagogi a rufe saboda hunturu.

Abin da nake tsoro shi ne ranar gasa. Duk wanda ya taɓa halartar gasar gidajen makaranta ya san yadda ake yi: iyaye a cunkushe ƙarƙashin rumfa, bokitin ruwa ɗaya da kofi ɗaya suna zagaya 'yan wasa, ana zuba wa kowa gulukos a tafin hannu yana lasa. Ga kuma ƙungiyar da ake loda wa a bas zuwa wani gari. Yaran na iya warkewa da sauƙi, amma kakanninsu fa da suke jira a gida?

Gasar wasanni ta ƙasa da aka shirya yi a birnin Benin na jihar Edo a 2020 ma an ɗage ta. Don haka ina roƙon ma'aikatun ilimi su bari a ci gaba da atisaye rukuni-rukuni, kowa da gorar ruwansa, su dakatar da gasar da ke tara 'yan kallo sai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ce cutar ta lafa.

Naka,
Wani malamin firamare, Kano